Ƙasar da Garma Ba Ta Taɓa Ba

Delbert Vacek, ƙanin mijina, mutum ne da ba ya iya ganin ciyawa ya wuce. Ko a harabar coci ya hango ɗan tsiro ya leƙo ta tsagar siminti, sai ya bar gaisawa da mutane ya je ya tuge shi. Ubansa haka yake, kakansa haka yake, kuma in za a faɗi gaskiya duk mutanen Milada haka muke, mun gaji gaba da ciyawa kamar yadda ake gadon gona. Bambancin kawai shi ne Delbert yana da tankin feshi a bayan a-kori-kurarsa, kuma tun da ya bar noma ba shi da aikin fari balle na baƙi.

Ni ce mai riƙe da makullin gidan tarihin garinmu. Sunana Marcella, amma tun ina yarinya Marsi ake ce mini. Gidan tarihin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce, mun cika ta da garmunan farko, da kekunan ɗinki, da rigunan amare da suka yi rawaya, da akwatunan katako da aka ƙetaro teku da su daga Bohemiya. Akwai kuma kwalin kawunan kibiyoyi na mutanen da kakanninmu suka tarar a nan suka ture, wanda har yau ban san abin da zan rubuta a jikinsa ba. Mu uku ne kwamiti: ni, da ƙawata Arlene Pokorny, sai Delbert, don ba wanda ya rage mai ƙarfin hawa tsani.

Amma ba don kekunan ɗinki mutane ke ratsowa daga babban titi ba. Don ɗakin Kaka Anezka suke zuwa, wanda ke bayan tashar. Ita ce kakar mahaifina. Da suka iso ita da mijinta ba su sami itace ba, ba su sami dutse ba, sai ciyawa iya ganinka. Suka yanki fatar ƙasar kanta, da ciyawarta da saiwarta, suka jera kamar tubali har ya zama ɗaki. A cikinsa ta haifi tara, ta binne uku. Duk faɗin gundumarmu babu irinsa da ya rage a tsaye. Rufinsa rayayye ne, kowace bazara sai ya yi kore ya fitar da furanni, kuma saiwar nan ita ke riƙe da ƙasar da ke kansa.

Ana gab da bikin Ranar Kakanni, cikin watan Yuni, na tafi Kearney ganin likitan ido. Bayan na dawo da 'yan kwanaki sai na lura ciyawar rufin ta sunkuyar da kai, ta fara komawa ruwan ƙasa. Na zargi sabon tabarauna. Na cire shi na sake dubawa, sannan na nufi gidan Delbert ko ƙofar mota ban rufe ba.

"Del, me ka yi wa ɗakin nan?"

"Wanka na yi masa," in ji shi, yana ta goge hannu da tsumma, har da murmushi. "So kike baƙi su zo daga Omaha su ga rufi kamar kan mahaukaci? Har ƙaya fa ta fito a kai, Marsi. Ƙaya!"

"Feshi ka yi?"

"Ɗan kaɗan."

"Kai, amma Allah ya yi sakarai a nan! Saiwar ce ke riƙe da rufin!"

"Ni ne sakaran? Da yayana na da rai da ba ki faɗa mini haka ba."

"Da yayanka na da rai da da tankin zai kwaɗa maka a ka. Garin neman gira ka rasa mana ido, Del."

Ya ce ai ciyawa ce, ciyawa kuwa ba a roƙonta ta dawo, da kanta take dawowa. Duk rayuwarsa abin da ya sani ke nan, kuma a gona gaskiya ne.

Ba ta dawo ba. A tsakiyar Yuli, wata la'asar, hadari ya haɗo daga yamma baƙi ƙirin, aka tsuge da ruwa har da ƙanƙara. Ƙasar rufin, da ba abin da ke riƙe da ita, ta zama kunu ta kwararo cikin bangon arewa. Ina tsaye a tagar tashar ina kallo lokacin da kusurwar ta kumbura, ta ɗan yi jim, sannan ta zube gaba ɗaya. Ta ramin ana hango gadon Kaka Anezka da tukunyarta. Wallahi ji na yi kamar ni aka yaye wa zane a tsakiyar kasuwa.

Muka rufa tamfol muka danne da tayoyi. Ba sai an gaya wa kowa abin da ke gabanmu ba. In ba a toshe bangon nan ba kafin hunturu, dusar ƙanƙara za ta shiga, ta narke, ta daskare, ta sake narkewa, kafin bazara ɗakin ya koma tudu. In kuwa ƙasa ta riga ta daskare, babu shebur ɗin da zai shige ta balle a yanki tubali. Abin da muke da shi kawai shi ne tsakanin ranar nan da sanyin farko.

Delbert, da kunya ta ishe shi, shi ya fara kawo tubali daga makiyayarsa. Ya yanko su da kyau, ya jero a bayan mota yana hura hanci. Na ɗaga na farko, ya farfashe a hannuna kamar busasshen burodi. Makiyayar ai gona ce a zamanin ubansa, daga baya aka shuka mata ciyawar shanu, saiwarta ba ta kai ta kawo ba. Arlene ta sayo irin ciyawar da ake sayarwa a naɗe kamar tabarma don shimfiɗawa a ƙofar gida. Kaurinta bai wuce na bargo ba, ko akurkin kaji ba za ta gina ba. Daga ofishin jiha aka turo mana wani bawan Allah mai ladabi, ya zagaya ɗakin hula a hannu, ya tabbatar mana da abin da muka fara zargi: sai ƙasar da garma ba ta taɓa shiga ba, wadda saiwarta ta sarƙe tun kafin zuwan kowa. Da na tambaye shi ina za mu same ta, ya ce da ya sani da ya fi kowa murna.

Daga ranar zama ya gagare ni. Na jefa shebur a bayan mota na shiga yawo. Na bi gefen layin dogo, ashe masu jirgi sun fi Delbert son feshi. Na bi kwalbatocin hanya, masu gyaran titi sun juye su ba adadi. Na hau tuddan da nake ganin ba tarakta da za ta iya hawa, na tarar ta hau. Duk inda na juya masara ce da waken suya, har bakin sama. Nakan tsaya, in fito, in caka shebur, ƙasa ta buɗe lugub kamar gari, in zagi wanda ya nome ta, in koma mota. Sau da yawa wanda nake zagin kakana ne. Mutanen nan da muke ajiye garmunansu muna goge musu ƙura sun yi aikinsu ya wuce misali, ko faɗin tabarma ba su bari ba.

In na dawo gida ma ba sauƙi. In ɗora kofi in manta da shi ya ƙone. In kwaɓa fulawa in gasa kolaci, ɗan burodinmu na gado mai zaƙi, faranti bayan faranti, na cuku da na busasshen 'ya'yan itace, alhali ni kaɗai ce a gidan, sai in bi maƙwabta ina rabawa kamar mai sadaka. A tashar kuwa na sauya wa akwatuna wuri har Arlene ta gaji.

"Marsi, don girman Allah ki zauna, kina sa ni jiri."

"In na zauna bangon zai tashi da kansa ne?"

"To in kin yi ta zirga-zirga zai tashi?"

Agusta ta wuce, Satumba ta bi ta. Aka fara girbin masara, safiya ta fara cizo. Kullum na fito sai na taka ƙasar ƙofar gidana da diddige in ji ko ta fara tauri.

Wata safiya cikin Oktoba na hau makabarta don in kai wa Emil ƙarar ƙaninsa. Emil mijina ne, ya riga mu gidan gaskiya shekarun baya. Makabartar tana kan ɗan tudu a yammacin gari, kuma a nan kowane magidanci yakan saya wa iyalinsa wuri tun suna ƙanana, a jere, don a kwanta tare kamar yadda aka zauna tare. Emil huɗu ya saya: nasa, nawa, sai na 'yarmu Renae da ɗanmu Dwayne. Dutsen kan kabarinmu ɗaya ne ni da shi, sunana na nan an riga an sassaƙa da shekarar haihuwata, an bar filin shekarar mutuwa a gaba. Na saba da ganinsa, ba ya damuna.

Na tsuguna ina faɗa masa abin da Delbert ya aikata, raina na ƙara ɓaci, na damƙi ciyawar da ke gefena na fizga don haushi. Ta ƙi fita. Na sa hannu biyu na ja har bayana ya amsa. Ko gezau.

Na daɗe ina kallon hannuna. Sannan na sauka na ɗauko shebur, na je gindin shingen waya inda ba na kowa ba, na caka. Shebur ya yi tsalle ya dawo mini. Na hau kansa da ƙafa biyu, ni da nauyina, da ƙyar na yanko ɗan guntu. Baƙi ne, mai kauri, saiwa ta sarƙe a cikinsa kamar suman da ba a taɓa tajewa ba. Na ɗaga shi na maka da ƙasa. Bai fashe ba. Su Kaka Anezka sun kewaye tudun nan da shinge tun a hunturunsu na farko, da suka fara binne yara, kafin garma ta iso wurin.

Na dire guntun a kan teburin Arlene a tashar, kusa da kofinta. Delbert ya juya shi, ya matsa da babban yatsa, ya shinshina. Na ga idonsa ya yi haske, sannan ya tambayi inda na samo. Da na faɗa, sai ya ajiye shi a hankali ya goge hannu a wando.

"A'a. Ba da ni ba."

"Kai ka rusa, kai za ka gina."

"Ki ce in sayar da motata in biya, na yarda. Amma ƙasar can ba a buɗe ta sai mai ita ya zo, kin fi ni sani. Wurin da aka buɗe kiran mai shi yake yi."

"Tatsuniyar tsofaffin mata!"

"To ki fara da naki mana, tun da ke jaruma ce."

Nan ya kama ni. Ni ma da maganar nan aka raine ni, kuma abin da aka zuba maka da cokali kana yaro ba ya fita don ka sa tabarau. Gindin shingen bai fi tafin hannu ba, hanyoyin ciki kuma tsakuwa ce. Duk sauran tudun na wani ne, ko yana ciki ko ana jiransa.

Arlene ce ta tuna. Ta ce a shekarun da aka yi fari, da iyalin Sedlak suka tattara suka tafi Kalifoniya, tsohonsu ya tsaya gaban mutane ya ce sun saki wurarensu, ba za su dawo su kwanta a nan ba. Daga ranar wurin ya tashi daga na kowa, har aka binne wani baƙo a ciki, kuma ba abin da ya sami Sedlak ko ɗaya. In mai wuri ya faɗa da bakinsa cewa ba zai zo ba, ƙasar ba ta da wanda za ta kira.

"Wannan kam na yarda," in ji Delbert. "Amma da bakinsa. Ba uwarsa ta faɗa a madadinsa ba."

Bai kalle ni ba da ya faɗi haka, ni ma ban kalle shi ba.

Na ce ni zan yi kiran, don na fi su baki. Na zauna a ofishin tashar da wayar, na fara da 'ya'yan mutane. Na kira ɗan gidan Hruska a Texas, na yi ta kewaye-kewaye, ina ba shi haƙuri, ina cewa na san abu ne mai nauyi. Ya katse ni da dariya, ya ce shi bai ma san yana da wuri a Milada ba, mu yanka, Allah ya ba da sa'a. 'Yan matan Dvorak biyu suka ce sun ji daɗi da za su taimaka wa tarihi. Wani ya tambaya ko za a sa sunansa a bango. Arlene na gefe tana murna da kowane "na saki", ni kuwa kowanne sai ya ƙara ɓata mini rai. Na riƙa dire wayar da ƙarfi har ta ce in tausaya wa kayan gwamnati. Duk wanda na kira na san ranar da aka yi masa baftisma, na san uban da ya hau tudun nan ya zaɓa masa wuri. Ko mutum ɗaya bai ce bari ya yi tunani ba.

Delbert ya hau ya auna da igiya, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Bango zai tashi. Rufin ne ba zai rufu ba. Akwai saura."

"Sai mu ƙara neman wasu."

"Wasu wa? Kin kira kowa, Marsi." Sannan ya ce, "Na Renae da Dwayne suna daga gefen da rana ke bugawa. Duk tudun ba ciyawa mai ƙarfinsu."

"Na ji."

"An ce sanyi na tafe ƙarshen mako."

"Na ce na ji, ko kurma ka ɗauke ni?"

Na je gida na gasa kolaci. Na wanke labulen da na wanke a makon da ya wuce. Na ɗauki wayar na ajiye, na fita na taka ƙasa da diddige, na dawo. Renae tana Denver, Dwayne yana can Oregon bakin teku. Sun daɗe da tafiya, sukan zo bikin Kirsimeti in hanya ta yi kyau, kuma Renae ba ta gajiya da ce mini in rufe gida in koma wurinta. Duk wannan na sani. Amma ban taɓa tambayarsu inda za su kwanta ba, kuma muddin ban tambaya ba, wuraren nan biyu nasu ne, suna nan tafe, sun dai yi latti ne kawai. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Ina son ɗakin Kaka Anezka ya tsaya kamar raina, kuma ina roƙon Allah 'yata ta hana ni.

Washegari da safe na ga raɓa ta daskare fari fat a kan gilashin mota. Na koma ciki na kira.

"Mama, lafiya? Ina tuƙi ne, amma ina jin ki."

"To bari sai kin tsaya."

"A'a, faɗi mana. Ba dai Kawu Del ya sake fesa wani abu ba?"

Na yi mata bayani, na ja shi da tsawo. Na ce ba dole ba ne. Na ce mun kusa samun wani wuri ma, wanda ƙarya ce. Na ce babanta da kansa ya zaɓi wurin, ranar da aka sa mata suna, yana ɗauke da ita a kafaɗa. Na ce in ba ta so ba wanda zai ga laifinta, ni ce ma zan fara goyon bayanta.

"Haba Mama, don wannan ne duk kika tayar da hankalinki? Ku yanka mana! Ai abin alfahari ne."

"Ki dai yi tunani, Renae."

"Wane tunani kuma? Mu nan muka yi gida, yara nan suka tashi. Kin san dai ba za a ɗauko ni a kawo Milada ba." Na ji ta yi wa wani oda. "Dwayne ma kar ki wahalar da kanki, ya daɗe da cewa shi ƙona shi za a yi a zuba tokar a teku. Bai gaya miki ba?"

"Bai gaya mini ba."

"Zan sa ya kira ki. Mama, kina nan?"

"Ina nan. Sai kin faɗa da bakinki, haka al'adar take."

Ta yi dariya, irin dariyar da take yi tun tana ƙarama in na sa ta gaishe da baƙi. "To, na saki. Shi ke nan? Ki ɗauko mana hoto in an gama. Kuma ki sa rigar sanyi, na san halinki."

Dwayne ya kira kafin kofina ya huce. Shi ma ya saki, har ya ce in gaishe da Kawu Del. Ba su yi mini laifin komai ba, yaran kirki ne, abin da na roƙa suka ba ni. Na zauna a kujerar kicin, karo na farko tun watan Yuli da na zauna ban zabura ba, na yi kuka mai isata.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wani tsoho mai iya tsayuwa a Milada ya hau tudun nan, wasu da sanda, wasu da kujerar naɗewa don su ba da umarni. Na buɗe akwatin gilashi na ciro wuƙar yankan ƙasa ta mijin Kaka Anezka, Arlene na ihu wai an rubuta kada a taɓa, na ce ai ni na rubuta. Delbert ya wasa ta, ta ci kamar jiya aka ƙera. Muka yi ta yanka muna lodawa a a-kori-kura, inda tankin feshi yake a da, don na sa ya sauke shi. Kolacin da na addabi gari da shi ya sami masu ci.

Da aka zo kan na yarana, Delbert ya miƙo hannu zai karɓi wuƙar.

"Kawo, matar yaya. Je ki sha kofi."

"Ni na haife su, ni zan yanka."

Ya bar ni. Saiwar ta yi gardama, tana ƙara kamar ana yaga sabon yadi, na yi ta bi a hankali har na gama. Ya ɗauka ya kai mota.

A bango ana kifa tubalin ne, ciyawa ƙasa saiwa sama, kowane layi ya hau kan gaɓar na ƙasansa. A rufi kuwa ciyawar ke kallon sama don ta ci gaba da rayuwa. Na Renae da Dwayne su suka rufe ƙarshen rufin, daidai saman gadon. Delbert na sauka daga tsani iska ta juya ta arewa, kafin ƙarshen makon ƙasa ta yi tauri kamar ƙarfe. Ɗakin Kaka Anezka ya tsaya. Arlene ta ɗauki hoto ta aika wa kowa, amsoshi suka yi ta shigowa, kowa na cewa ya yi kyau.

Ran Lahadi bayan coci na hau tudun ni kaɗai. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ko'ina faci-faci ne na baƙar ƙasa tsirara, a gefen kowane dutse, kamar bakin tsoho da haƙora suka zube. A jerenmu ga Emil, ga 'yar siririyar ciyawata tana kaɗawa a iska, daga nan sai fili biyu a buɗe.

"To, Emil," na ce, "ɗaki dai ya tsaya. Amma ka daina jira. Mu biyu ne."

"Mu uku dai," aka ce daga bayana. Delbert ne, ya biyo ni yana haki, hula a hannu. Ya nuna wurinsa da haɓa, can ƙasa da ƙafafun yayansa. "Ko a nan ma korata za ki yi?"

"In ka yi alkawarin ba za ka zo da tanki ba."

Ya yi 'yar dariya, ya tsaya kusa da ni. Na ga idonsa na yawo a kan filayen nan biyu, kuma na san abin da ke cinsa tun kafin ya buɗe baki, don hali zanen dutse ne.

"Marsi, kin san ƙasa in ta zauna tsirara haka, ƙaya ce za ta fara fitowa da bazara. Cika wurin za ta yi." Ya murza hular. "Ba feshi zan yi ba, na rantse. Da hannu zan tuge."

"Ka bar ta, Del," na ce. "Ko ba komai, ita za ta zo."